F1 Academy a YouTube: kallon kyauta ne, kujerar ce da tsada

Ranar da na fara ɗaukar wannan gasar tseren motoci ta mata da muhimmanci wata Asabar ce a watan Maris na 2024. Ana tsere na biyu a Jidda, ni da 'yata muna kallo a wayata, ita ce ma ta nace sai mun kalla. Doriane Pin, 'yar Faransa da ke tuƙa mota mai launin Mercedes, ta ja gaba ta bar sauran suna shaƙar ƙurarta. Aka kaɗa mata tutar ƙarshe, ba ta ankara ba, ta ci gaba da taka wuta har ta sake zagaye guda cif kamar tseren bai ƙare ba. Daga baya alƙalai suka ƙara mata daƙiƙa 20, nasarar ta koma hannun Abbi Pulling ta Birtaniya. Da labarin ya iso mana sai 'yata ta ɓata rai, ta ce, "Baba, ai ta fi su gudu, ina ruwan tuta?" Na ce mata a wannan harkar gudu kaɗai ba ya kai mutum. A lokacin dokar tuta kawai nake nufi.

Abin da nake yi wa bita a nan shi ne shirin da tashar F1 Academy ke watsawa kai tsaye a YouTube, wato zaman neman gurbin farawa da kuma tseren kansa, ba biyan kuɗin wata, ba komai. Na kalli kusan duka kakar 2024 da ta 2025, wasu kai tsaye, wasu washegari, domin gasar da ke yawo daga Shanghai zuwa Las Vegas dole wani tseren ya faɗo a lokacin barcinka ko ina kake a duniya. Bidiyon yana nan a ajiye, sai dai ka kawar da ido daga abin da mutane ke rubutawa a ƙasa, in ba haka ba su faɗa maka wadda ta ci tun ba ka danna ba. Ni akanta ne, aikina duba littattafan kuɗin mutane, kuma tun 2007 da Lewis Hamilton ya shigo Formula 1 nake bin tseren motoci. Na faɗi haka ne don a san da wane ido nake kallo.

Ga wanda bai san gasar ba: masu Formula 1 ne suka kafa ta, aka fara a 2023, kuma Susie Wolff ce ke jagorantarta. Ita Wolff ɗin tsohuwar direba ce, ita ce ta fito da motar Williams a zaman atisaye na Silverstone a 2014, mace ta farko da ta shiga fili a ƙarshen makon Formula 1 tun 1992. Mata ne zalla a gasar, daga shekara 16 zuwa 25, kuma a 2024 da 2025 ba a yarda direba ta wuce kaka biyu ba. Motocin duk iri ɗaya ne, ƙirar Tatuus, inji mai lita 1.4 da turbo, ƙarfin doki 174, tayoyin Pirelli. Matakin Formula 4 ke nan, matakalar farko bayan ƙananan motocin kart da yara ke farawa da su. A kakar farko ba a nuna tseren kai tsaye ba sai na ƙarshe a Austin, abin da har yau nake mamakinsa, domin wane kamfani ne zai biya a liƙa sunansa a motar da ba a nunawa? An gyara wannan a 2024, aka haɗa dukkan ƙarshen mako bakwai da na Formula 1.

Daga nan ne alherin shirin ya fito. Tun da a fili ɗaya ake yi da manya, hoton na manya ne: kyamarori a kowace kwana, ɗauka daga sama, kyamarar da ke kan mota, da jerin sunaye da tazara a gefen allo. Tseren bai fi rabin awa ba, don haka yaro ba ya gajiya, wanda bai taɓa kallon tsere ba ma zai iya bi. Kuma da yake motocin ɗaya ne, ba mai ɓoyewa a bayan inji. A Formula 1 kana iya shekara kana gardamar ko direba ne ko mota. A nan wadda ta fi iya taka birki a makare, ta fi iya fita daga kwana, ita za ka gani a gaba. Pulling ta ci tsere 9 cikin 14 a 2024, ta kwashe duka biyun Miyami da duka biyun Singafo. Salonta ba na wasan kwaikwayo ba ne: ta kama gurbin farko, ta buɗe tazara a zagayen farko, ta riƙe ta har tuta. Wasu na cewa kallon nata ba daɗi. Ni kuwa irin tuƙin da nake so ke nan, tuƙin wadda ba ta da kuɗin da za ta zubar a gyaran mota.

Kuma da gaske ba ta da shi. A 2021 Pulling ta janye daga gasar Formula 4 ta Birtaniya ana tsakiyar kaka saboda kuɗi sun ƙare. Ba rauni ba, ba rashin gudu ba. Shekara uku bayan haka ta koma wannan gasar, wadda maza suka fi yawa a cikinta, ta ci tsere a Brands Hatch, mace ta farko da ta yi hakan. Direbar ɗaya ce, ƙafar ɗaya ce. Abin da ya canja tsakanin 2021 da 2024 shi ne an sami mai biya.

To a nan ne idona da na 'yata suka rabu. Ita launi take bi, ta ce ga ta Ferrari, ga ta McLaren, domin a 2024 da 2025 kowace ƙungiyar Formula 1 cikin goma ta zaɓi direba ɗaya ta saka mata launinta. Ni kuma sunayen da ke jikin sauran motocin nake karantawa: Charlotte Tilbury mai kayan kwalliya, Tommy Hilfiger, Puma, American Express. Dole a yaba wa Wolff a nan. Waɗannan kuɗi ne da ba su saba zuwa ƙananan gasanni ba, kamfanin kwalliya ba shi da abin nema a Formula 4 ta maza. Ta gane cewa akwai kasuwar da ba a taɓa ba, ta je ta buɗe ta. Amma wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Direbar da aka ɗauki nauyinta dole ta tsaya gaban kyamara, ta yi talla, ta ciyar da shafukanta na sada zumunta kullum. Bianca Bustamante 'yar Filifin, wadda ta tuƙa da launin McLaren a 2024, tana da mabiya sama da miliyan a Instagram, kuma ba ni da shakka kamfanoni da yawa za su fi saurin ɗaga mata waya a kan wadda ta fi ta maki amma ba a san fuskarta ba. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Danica Patrick ma, wadda ta ci tseren IndyCar, babbar gasar Amurka, a Japan a 2008 ta kuma zo ta uku a Indy 500 a 2009, tallace-tallacen kamfanin GoDaddy ne suka riƙe ta shekaru, har wasu suka manta cewa ta iya tuƙi. Kasuwar ce haka.

Ga lissafin da ba ya fitowa a allo. A 2023 Formula 1 ta zuba Yuro 150,000 a kan kowace mota, direba ta kawo Yuro 150,000 nata, ƙungiya ta cike sauran. A 2024 aka rage kason direba zuwa Yuro 100,000. A harkar tsere wannan araha ce, har ana yi wa juna barka. Amma a tambayi kowane uba mai albashi inda zai samo Yuro 100,000 a shekara, bayan shekarun da ya riga ya kashe a kart. Shi ya sa idan ka bi sunayen za ka yi ta karo da gidajen da tsere ya riga ya zauna a cikinsu. Amna da Hamda Al Qubaisi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, mahaifinsu Khaled direban tsere ne da ya fafata a Le Mans. Lia Block 'yar marigayi Ken Block ce. Sun iya tuƙi, Hamda ma ta uku ta zo a 2023. Tambayar ita ce nawa ne irinsu da ba su da irin wannan gida, waɗanda ba za mu taɓa ganin sunansu a gefen allo ba.

Wani zai ce ai maza ma haka suke fama, kuma gaskiya ne. Mahaifin Hamilton ayyuka da yawa ya haɗa a lokaci guda kafin McLaren ta ɗauki yaron yana shekara 13. Iyayen Esteban Ocon gidansu suka sayar suka koma zama a motar kwana. A ɗaya gefen kuma mahaifin Lance Stroll ya jagoranci sayen ƙungiya sukutum a 2018, Nikita Mazepin ya shiga Haas a 2021 da kuɗin kamfanin takin mahaifinsa. Kuɗi masu gidan rana ba su san mace ko namiji ba. Bambancin shi ne mai zuba kuɗi a kan yaro yana da misalai ɗari da zai duba ya ce wataƙila nawa ma ya kai. Mai zuba kuɗi a kan yarinya kuwa sai ya koma 1976, a Ostiriya, kafin ya ga mace ta ƙarshe da ta fara tseren Formula 1. Lella Lombardi ce, 'yar Italiya, wadda ta sami rabin maki a Sifaniya a 1975 bayan an tsayar da tseren saboda mummunan haɗari, kuma har yau ba wata macen da ta sami ko wannan rabin. Ita ma sunan kamfanin Lavazza ne a jikin motarta. Giovanna Amati ta gwada sau uku a 1992 da wata Brabham da ta riga ta mutu a tsaye, ba ta sami gurbi ba, aka sauya ta da Damon Hill, shi ma ya sha wuya da motar kafin daga baya ya zama zakaran duniya a wata motar. Simona de Silvestro ta shiga shirin ƙungiyar Sauber ta Formula 1 a 2014, maganar kuɗi ta wargaza shi. Tatiana Calderón 'yar Kolombiya, mace ta farko a Formula 2 a 2019, an ajiye motarta ta IndyCar a tsakiyar 2022 saboda kamfanin da ke ɗaukar nauyi ya daina biya, sai da wata shahararriyar mawaƙiyar ƙasarsu ta sa hannu a aljihu sannan ta koma Formula 2 ta ƙarasa shekarar.

Idan aka kawo mini maganar cewa baiwar ce babu, Michèle Mouton nake ambata. Audi ta ba ta Quattro irin ta maza, da makanikai irin nasu, da lokacin gwaji irin nasu. Ta ci tsere huɗu a gasar rali ta duniya, ta zo ta biyu a duniya a 1982. Jutta Kleinschmidt ta ci tseren hamada na Dakar a 2001. Mata uku na ƙungiyar Iron Dames sun ci ajinsu a tseren awa takwas na Bahrain a 2023. Maganar ƙarfin jiki kuma, wadda ake yawan jefowa, tana da ɗan gaskiya a wurin da ba a zato: motocin Formula 2 da Formula 3 ba su da na'urar sauƙaƙa sitiyari, ta Formula 1 ce ke da ita. Wato matakalar ta fi ɗakin da ake hawa nauyi a hannu. Wannan zaɓin masu ƙera mota ne, ba hukuncin halitta ba.

Ba zan iya kallon F1 Academy ban tuna da W Series ba, gasar mata zalla da ta gabace ta, domin ita ma na bi ta. Waccan ta zo da tsari mai daɗin ji: direba ba ta biyan ko sisi, zakara ta tafi da dala 500,000. Jamie Chadwick ta ci kambun sau uku, 2019 da 2021 da 2022. Sai kuɗin masu gasar suka ƙafe, aka yanke kakar 2022 bayan Singafo, a 2023 kamfanin ya durƙushe. Ita kuma Chadwick da kofuna uku a hannu ba ta sami kujera a Formula 3 ko Formula 2 ba, sai Amurka ta nufa, ta shiga Indy NXT, matakin ƙasa da IndyCar, da tallafin DHL, ta ci tsere a Road America a 2024. A matsayina na akanta na fi yarda da tsarin F1 Academy, domin yana zaune a kan kafaɗar mai kuɗi kuma kowa yana da abin da ya zuba. A matsayina na uba kuwa na fi son na W Series, wanda bai tambayi yarinya nawa ne a asusun gidansu ba.

Yanzu abubuwan da ba su yi mini ba. Rabin awa yana da daɗi har sai motar tsaro ta fito. A titunan cikin gari irin na Jidda da Singafo, inda bango ke kusa, haɗari ɗaya yana iya cinye kaso mai yawa na tseren ana bin juna a hankali. Kuma da yake gasar baƙuwa ce a gidan Formula 1, ita ake fara matsewa in lokaci ya ƙure. A Katar a 2024 an ayyana Pulling a matsayin zakara bayan tsere na ɗaya, aka soke na biyu saboda gyaran shinge, sai kuma aka ƙara tsere a Abu Dabi don cike gurbi, lissafi ya sake buɗewa, sai da ta sake cin kambun da ta riga ta yi murnarsa. A Miyami a 2025 ruwan sama ya hana tsere na biyu, aka kai shi Montreal. Ƙarshen mako bakwai a shekara kuma kaɗan ne, wani lokacin sai ka yi wata biyu ba ka gansu ba har ka manta wadda ke gaba a maki. Ga mai kallo wannan ƙaramin abu ne. Ga direba mai koyo babban abu ne, domin takwarorinta maza a Formula 4 ta Italiya suna ta zagaye da gwaji, kuma a wannan mataki yawan zama a kujera shi ne makaranta. Shi ya sa masu hali suke haɗawa da wata gasar, kamar yadda Pulling ta yi. Mun sake dawowa kan kuɗi.

Juya gurabe da aka dawo da shi a 2025, inda takwas na farko a zaman neman gurbi suke farawa a juye a tsere na ɗaya, 'yata na sonsa saboda ana samun wuce-wuce da sababbin fuskoki a kan dandamali. Ni ina kallonsa da ɗan ɗari-ɗari, domin nasarar da aka samu daga gurbin da aka juya ba ɗaya take da ta wadda ta fi kowa gudu ba, amma a takardar neman tallafi duka "nasara" ake rubutawa. Kujerar baƙuwa kuwa, wadda ake ba wata direba na ƙarshen mako ɗaya, na yaba mata. Ganin Reema Juffali a Jidda a 2024, a ƙasar da sai a 2018 aka bar mata su tuƙa mota a titi, ya isa dalilin kunna waya.

Abu ɗaya da nake fata a ƙara a shirin shi ne a riƙa faɗa wa mai kallo abin da ke jiran waɗannan 'yan mata a gaba, da lambobi. Ana bukatar maki 40 cikin shekara uku kafin hukumar FIA ta ba direba lasisin Formula 1. Zakarar F1 Academy maki 10 take samu. Sauran sai a manyan gasanni irin su Formula 3 da Formula 2, inda kujera mai kyau ke cin miliyoyin Yuro. Kyautar zakara ita ce a biya mata kaka ɗaya a mataki na gaba: Marta García ta Sifaniya, zakarar 2023, ta sami kujera a gasar yanki ta Turai, kakar ta yi mata tsauri, daga baya ta koma tseren GT, na motoci masu rufi. Pulling ta sami kujera a gasar GB3 ta Birtaniya a 2025 tare da ƙungiyar Rodin. Kaka ɗaya, a sabuwar mota mai ƙarfi, cikin samarin da wasunsu suka shekara suna gwada ta. Ta biyu da ta uku da ta huɗu kuwa, in kaka biyunsu ta cika, launin Ferrari ko na Williams ba lallai ya bi su ba. Yarinyar da ke kallo tana ganin jar mota tana zaton an riga an isa. Ya kamata wani ya faɗa mata cewa akwai hawa uku a gaba kuma kowanne ya ninka na baya tsada.

In maki ake so, zan ba shirin huɗu cikin biyar, ɗayan da na riƙe kuwa na ƙarancin tsere ne. Wanda yake son ya fara fahimtar tseren motoci ba tare da ya biya ba, ko yake da 'ya mai son inji, ya kunna. Wanda yake neman gudun Formula 1 zai ga motocin a hankali, kuma gaskiyarsa ne, Formula 4 ce.

A Las Vegas aka rufe kakar 2025, Pin ɗin nan da ta wuce tuta a Jidda ta ɗauki kambun, Maya Weug ta Ferrari ta zo ta biyu. Washegari muka kalla. Ana cikin bikin 'yata ta karɓi wayar ta tsayar da bidiyon daidai kan motar Weug, ta matso da hoton, tana karanta sunayen da ke jiki ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Baba, ita wannan da ta zo ta biyu, cikin waɗannan wa zai biya mata na baɗi?" Na ce ta ba ni wayar mu duba tare.